Zuwa ga masu tirelar daji: ku kawo mana ita da lodinta kafin a taɓa sifirin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai, malamai da hajiyoyi abokan hulɗarmu, na cikin garin Sakkwato da na ƙauyuka, muna gaishe ku, da fatan iyali da sana'a suna lafiya. Dalilin wannan takarda shi ne wani sauyi da muka yi a garejinmu. Daga yanzu, duk wanda yake son a ƙarfafa masa sifirin (fallayen ƙarfen nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyi) ko a sauya masa aksil (sandar da tayoyi ke maƙale a kanta) na ƙaramar tirelar da yake shiga daji da ita, sai ya kawo ta da lodinta kamar yadda take tafiya, mu ɗora ta a sikeli, sannan a yi maganar aiki da kuɗi. Awon kyauta ne. Amma ba za mu ƙara karɓar aikin "ƙara mini falle biyu in wuce" ba tare da shi ba.

Mun san ku, mun san inda tirelolin nan suke shiga. Akwai masu noman rani da ke kwana a fadamar Rima da wajen madatsar ruwa ta Goronyo lokacin albasa da shinkafa, akwai masu haƙa rijiyar burtsatse, da masu allurar dabbobi da ke bin rugage ta Tangaza da Gudu, da masu awon ƙasa da ke yin mako guda ba su ga kwalta ba. Tirela ita ce ɗakinku, ita ce kicin, ita ce rumbun ruwa. Idan ta tsaya a daji, aiki ya tsaya, kuma a halin da ake ciki na tsaro, babu wanda yake so magariba ta riske shi yana kwance ƙarƙashin tirela da sifana a hannu. Wannan ne ya sa muka ɗauki maganar da zafi.

Ku yi lissafin nan tare da mu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka duro mai lita 200 ya ci kilo 200 tun ba a sa komai ba. Jarkoki huɗu na man dizal masu lita 25 sun haura kilo 80. Babban batirin sola mai amfiya 200 yana kai kilo 60, kuma yawanci biyu ake sawa. Ga buhun shinkafa kilo 50, ga janareta, ga tukunyar gas, tanti, katifu, safaya taya, akwatin kayan aiki. Mai tirela zai ce maka "ɗan kaya ne kawai," in an ɗora a sikeli sai a ga jiki da kaya sun wuce tan ɗaya, alhali aksil ɗin da ke ƙarƙashi na kilo 750 ne. Sikelin yana kuma nuna mana inda nauyin ya kwanta. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ya kamata ya sauka a kan wuyan tirela, wurin da aka ɗaura ta da mota. Idan duro ya koma can baya, wuya ya yi sako-sako, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya da an ɗan taka mota a hanyar Illela, kuma babu sifirin da zai hana wannan sai gyaran zaman kaya.

Maganar ƙarin falle ita ce muka fi so ku saurara. Sifirin aikinsa ya lanƙwasa ya sha dukan hanya. Idan aka cusa masa falle har ya sandare, dukan bai tafi ko'ina ba, ya dai wuce kai tsaye zuwa casis, wato ƙarafan gindin da jikin tirela ke zaune a kai. Masu aikinmu sun san alamar: ka tsuguna ka duba inda kunnen sifirin ya haɗu da casis, za ka ga wani siririn layi na jan garin tsatsa yana bin gefen walda, kamar an zana da alli. Tsagewa ce ta fara. Daga nan ƙofar akwati ta daina rufuwa daidai, firiji ya mutu, kusoshi su riƙa zubewa a hanya. Sifirin da ya dace shi ne wanda in an yi lodi cikakke ya zauna, amma da sauran lanƙwasa a jikinsa da sauran tazara tsakanin aksil da casis. Dogon falle kuma ya fi gajere laushi, shi ya sa wani lokacin shawararmu ita ce a matsar da kunnuwa a sa dogo, maimakon a tula gajeru.

Abin da yawancin tirelolinku suka rasa shi ne shakazoba, wato abin nan da ke kwantar da tsallen taya. A hanyar burji da ta yi gargada, taya na tsalle sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, sifirin shi kaɗai ba ya iya kwantar da wannan tsalle, sai tirela ta riƙa zamewa gefe, falle na gugar juna yana zafi har babban falle ya karye ta wajen ido ko ta tsakiya. Shakazoba biyu da aka ɗaura da kusurwa daidai sukan yi wa tirela abin da falle huɗu ba za su yi ba, kuma kuɗinsu bai kai na gyaran casis ba.

Sai aksil. Masu ƙera su sukan ba sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu mai kaurin milimita 40 nauyin kusan tan ɗaya, mai 45 kusan kilo 1,400, mai 50 kuma sama da haka, gwargwadon irin boris ɗin da ke bakinta. Ku lura da maganar boris ɗin nan, wato abin da taya ke juyawa a kansa. Sanda ba ta cika karyewa a tsakiya ba. Abin da yake cin mutane shi ne boris ƙarami da ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa, giris ya narke a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, hob, wato wurin da ake ɗaure taya da noti, ya ɗau zafi, bakin aksil ya cinye, taya ta fice. Don haka in za mu sa muku sabon aksil, da babban boris muke sa shi. Muna kuma ba da shawarar a yi hob ɗin daidai da na motar da ke ja. Hilux mai jan taya huɗu noti shida ne a da'irar milimita 139.7. Idan tirela ta bi wannan, safayar mota za ta shiga tirela, ta tirela ta shiga mota, kuma rim irin wannan ba ya wuyar samu a garuruwanmu. Haka ma faɗi: in tayoyin tirela suna bin sawun tayoyin mota, a rairayi motar ba ta sake buɗe sabuwar hanya don tirela, jan ya yi sauƙi, mai ya ragu.

Da yawa daga cikinku kun nuna mana hotuna a waya na tirelolin Ostireliya masu kowace taya da hannunta da sifirin mai naɗi, irin na kamfanin Cruisemaster, wasu kuma sun tambayi aksil mai roba a ciki irin na AL-KO na Jamus ko Dexter na Amurka. Kaya ne masu kyau, ba mu raina su. Mai hannu-hannu yana da laushi ƙwarai, kuma babu sanda a tsakiya da za ta riƙa jan tudun rairayi. Amma ra'ayinmu a fili yake: ga wanda zai kwana bayan Gada ko Binji, sanda da falle da shakazoba sun fi. Idan falle ya karye, makanikin ƙauye zai ɗaure shi ka lallaɓa ka iso gida, kuma za a samu madadinsa a kasuwa. Idan robar cikin wancan aksil ta gaji, ba a buɗe shi a gyara a gindin bishiya, ba a kuma kai masa walda, domin wuta za ta ƙone robar. Sai dai a jira sabo daga waje da kuɗin dala. Wanda ya ji ya gani yana so, za mu ɗaura masa da kyau, amma sai mun faɗa masa wannan tukuna.

Masu son a ɗaga tirela sama ta hanyar mayar da sifirin kan aksil, ku sani jiki ne kawai yake tashi. Sandar tana nan inda take, babbar taya ce kaɗai ke ɗaga ta daga ƙasa. Tirela mai tsawo da duro a sama kuma tana saurin kifewa in an gangara kwazazzabo a karkace. Sannan kowane irin aksil muka sa, bai ƙara wa casis ƙarfi ba. In bututun casis siriri ne, za mu gaya muku a rage kaya ko a sake gindin gaba ɗaya.

Birki ba abin ado ba ne. Toyota da kanta ta ƙayyade wa Hilux kilo 750 in tirela ba ta da birki, kuma a Ingila da Ostireliya doka ce duk tirelar da ta wuce haka sai da birkinta. Tan ɗaya da rabi yana tura mota daga baya a kan laka, ga yara suna tsallaka hanya a ƙauye, wannan amana ce a wuyan direba da wuyanmu mu da muka yi aikin.

Akwai abubuwa uku da ba ma yi ko da an roƙe mu. Ba ma gasa falle a wuta don a dawo masa da lanƙwasa, saboda wuta tana kashe ƙarfen, bayan 'yan makonni ya sake kwantawa ko ya karye. Ba ma haɗa karyayyen aksil da walda. Ba ma mayar da tsofaffin yubol, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da aksil, domin sun riga sun miƙe a ɗaurin farko. Mun san wannan zai sa wasu su ga aikinmu ya ɗan fi tsada, muna neman afuwa, amma a nan muka tsaya.

Bayan aiki, ku dawo mana bayan tafiyar farko, kamar kilomita 100, mu sake ɗaure yubol da notin taya, ba za mu karɓi ko sisi ba. A hanya kuma, duk inda kuka tsaya salla, ku ɗora bayan hannu a kan hob na dama da na hagu. Ɗumi ba laifi. In ɗaya ya fi ɗaya zafi har hannu ba ya zama, kada ku ci gaba. Da damina, kafin ku shiga rafi ku bar hob ya huce, domin mai zafi in ya nutse a ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta bakin sil, giris ya koma fari kamar kindirmo, boris ya fara tsatsa tun kuna hanya.

Ruwa yakan kankama a nan daga Yuni, kuma lokacin ne gareji yake cika. Wanda yake da niyya ya zo tun yanzu, da safe kafin rana ta yi, duro cike da ruwa, jarkoki da batura a mazauninsu, da motar da take jan tirelar. Za mu auna a gabanku, mu rubuta muku nauyin da abin da muka ga ya dace da kuɗinsa, ku tafi da takardar ku yi shawara.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Masu gareji da ma'aikatansa, Sakkwato