Amsa ga ƙanwar da ta tambaye ni kan fim ɗin James Dean

Ƙanwata,

Ranar Asabar kin bugo waya a filinmu na rediyo, kika ce wai Rebel Without a Cause, fim ɗin 1955, ya isa matashin yau ya ƙona masa data? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Ki kalla, amma ki shirya yin tsaki. Fim ɗin ya ɗora rabin laifin kangarewar Jim Stark, matashin da James Dean ya fito a matsayinsa, a kan cewa uwarsa ce ke juya gidan. Akwai inda Jim ya tarar da ubansa ɗaure da rigar girki, durƙushe yana kwashe abincin da ya zubar kafin matar ta gani. Darakta Nicholas Ray so yake mu ji kunya a madadin yaron. Ni kuwa magidanci na gani yana gyara ɓarnarsa. Ga gaggawa: mota ta rufta da wani matashi mai suna Buzz daga kan dutse da dare, kafin asuba budurwarsa Judy ta koma son Jim. Ko sadakar uku ba a yi ba! Shi ma Dean, mai shekara 24, ya yi wa ɗan sakandare girma, sai dai mutuwarsa a hatsarin mota ranar 30 ga Satumba, makonni kaɗan kafin fitowar fim ɗin, ta rufe bakin masu ƙorafi.

Wanda bai tsufa ba shi ne Plato, yaron da Sal Mineo ya fito a matsayinsa. Uwa kullum tana tafiya, uba sai aiken kuɗi, mai aiki ce ke riƙonsa. A wani kangon gida ya mayar da Jim da Judy iyayensa na dare ɗaya. Ya yi barci, suka ga safarsa wari daban-daban, suka yi dariya, suka bar shi.

Da Plato ya farka, ya gudu da bindiga zuwa ɗakin kallon taurari na Griffith, 'yan sanda suka bi shi. Da asuba Jim ya lallashe shi, ya ba shi jar rigarsa, ya zare harsasan bindigarsa a ɓoye. 'Yan sanda ba su sani ba, suka harbe shi. Jim ya ja masa zif ɗin rigar, safar nan tana leƙowa.

Idan kin kai wurin, ki bugo mana ranar Asabar, in ji ko tsakin ya ci gaba.

Yayanki.