Amsa ga Baba Alhaji: Abin da Ya Sa Nake Bin Mutanen Haiti Har Gida

Assalamu alaikum Baba Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Allah ya ƙara girma.

A taron barka da Sallah na Hausawa mazauna Niyok ka karɓi lasifika ka yi mini tambaya a gaban jama'a. Ka ce ga asibitoci birjik a garin nan, mai ciwo kuwa shi ke neman magani, to me ya kai ni bin mutanen Haiti gida-gida, har cikin harabar cocinsu, alhali ga namu mutanen? Ranar lokaci ya ƙure, na yi alkawarin amsawa a rubuce. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan nake amsawa, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar a zuci ba.

Da farko saboda Faransanci aka ɗauke ni aikin nan na ma'aikaciyar lafiyar unguwa. An ga na yi karatu a Damagaram, aka ce to ga mai jin yarensu. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na gamu da wata dattijuwa mai hawan jini a unguwar Flatbush ta Buruklin. Na zauna na yi mata bayanin maganinta dalla-dalla da Faransanci, kowace jimla na kai ƙarshe sai ta ce "wi", wato eh. Bayan mako biyu na koma, na tarar kwalbar kusan a cike, awon jininta kuma ya fi na da. Ashe sai ranar da ta ji kanta na sarawa take shan ƙwaya ɗaya. Bayanina kaf ya bi iska, kuma da jijiya ta fashe mata a kai a tsakanin nan, da ban yafe wa kaina ba.

Ba ta ce mini ba ta gane ba, kuma daga baya na fahimci dalili. Tsarin mulkin Haiti na 1987 ya amince da harsuna biyu, Kiriyol da Faransanci, amma Kiriyol ne kowa ya tashi da shi. Faransanci yaren makaranta ne da ofis, 'yan kaɗan ne suka iya shi sosai, kuma mutum ya ce ba ya ji tamkar ya tona wa kansa asiri ne cewa bai je makaranta ba. Ni 'yar Nijar bai kamata wannan ya ɓace mini ba. Sau nawa na ga tsofaffinmu a gaban likita suna gyaɗa kai, sai an fito su ja hannun jika su ce, me ya ce? Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ita ce tushen da ya sa asibitin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya yake samar wa marar lafiya tafinta kyauta. Sai dai wanda bai san haƙƙinsa ba ba ya nema. Sai ka ga an sa yaro ɗan shekara goma yana fassara wa uwarsa zancen jinin al'ada, ita kuma don kunya ta haɗiye rabin abin da ya kawo ta. Shi ya sa na zauna na koyi Kiriyol. Yau in na ce "tansyon" sun san hawan jini nake nufi, in na ce "sik" sun san ciwon suga ne.

Amma Baba, ko da yare ya daidaita, akwai tabon da ya fi shi zurfi, kuma a nan nake so ka ɗan ba ni haƙuri in tsaya.

A farkon bayyanar ƙanjamau, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta fitar da jerin rukunin mutanen da ta ce su ne ke cikin haɗarin cutar. A 1983 'yan Haiti na cikin jerin, tare da masu allurar ƙwaya da sauransu. Su kaɗai ne aka saka saboda ƙasar da suka fito. Sai a 1985 aka cire su, bayan mutane sun rasa ayyukansu, an kori wasu daga gidajen haya, an tsangwami 'ya'yansu a makaranta. A 1990 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta hana duk ɗan Haiti ba da gudummawar jini. Ranar 20 ga Afrilu na shekarar, dubun-dubatarsu suka tsallaka gadar Buruklin da ƙafa suna zanga-zanga, kafin shekara ta ƙare aka janye haramcin. Da yawa daga cikin dattawan da nake auna wa jini yau suna kan gadar nan a ranar. A shekarun nan kuma aka tsare 'yan gudun hijirar Haiti masu ɗauke da cutar a sansanin sojan Amurka na Guantanamo, sai a 1993 kotu ta sa aka sake su.

Waɗanda suka zo daga baya su ma da nasu tabon. Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010 ta rushe babban birninsu. A watan Oktoba na shekarar kwalara ta ɓarke a yankin kogin Artibonite, kuma daga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kawo don taimako ta fito. Ta kama mutum fiye da 800,000, ta kashe wajen 10,000. Shekara shida aka yi kafin babban sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwa a Disambar 2016. Suna da wani karin magana da ke cewa wanda ya yi duka yakan manta, mai tabo shi ke tunawa. In mutumin da ya ga wannan ya ji baƙuwa ta ce ya miƙo hannu a ɗebi jininsa, ya yi jim, ni ban ga laifinsa ba.

Kai ɗan Kano ne, ka fi ni sanin wannan. Ka tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da yadda a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna, sai a 2004 aka dawo da shi. Asibitoci suna nan a lokacin, magani yana nan, mutane suka rufe ƙofa. Abin da ya buɗe ƙofofin shi ne da sarakuna da malamai da matan unguwa suka shiga aikin, aka bi gida-gida. Aikin da nake yi ke nan, a wata unguwa, da wani yare.

Sai maganar takardu. Bayan girgizar 2010 Amurka ta ba 'yan Haiti izinin zama na wucin gadi, wanda aka riƙa sabuntawa lokaci-lokaci, aka yi ta kai-komo a kansa tsakanin gwamnati da kotu. A 2023 aka buɗe wata ƙofar ta jinƙai, wasu da yawa suka shigo, suna gudun 'yan bindigar da suka addabi ƙasar bayan kisan shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021. A 2024 kuma aka yi musu ƙagen cin karnuka da kyanwoyin maƙwabta a garin Springfield na jihar Ohio, zancen da hukumomin garin suka ce ba shi da tushe. Mutumin da ke cikin wannan hali, duk takardar da ta nemi sunansa da adireshinsa tarko yake ganin ta. Sai ya daure da ciwon ƙirji har ya faɗi a wurin aiki. Nakan gaya musu cewa tun 1986 doka ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo a mawuyacin hali, ko da kuɗi ko babu, kuma akwai ƙananan asibitocin unguwa da ke karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum. Abin da ya shafi shari'ar shige da fice kuwa ba na yin fatawa a kai, lauya nake haɗa su da shi.

Wani abu da zai ba ka mamaki: wannan salon aiki daga Haiti ɗin aka kyautata shi. A ƙauyen Cange, tun shekarun 1980, marigayi Dakta Paul Farmer da abokan aikinsa na ƙungiyar Zanmi Lasante suka lura masu tarin fuka suna barin magani a tsakiya. Maimakon a zarge su da jahilci, sai aka ɗauki 'yan ƙauyen aiki, ana ce musu masu rakiya. Kullum mai rakiya zai je gidan marar lafiya, ya ga ya sha magani, ya duba ko akwai abinci a gidan, ko kuɗin mota ne ya hana shi zuwa asibiti. Da shi suka yi jinyar masu ƙanjamau lokacin da manyan masana ke cewa ba zai yiwu a ƙasar talakawa ba, daga baya aka kwaikwayi tsarin har a Boston. A Mayami kuma, da aka ga sankarar bakin mahaifa na cin matan unguwar Ƙaramar Haiti saboda ba sa zuwa gwaji, sai jami'ar Mayami ta haɗa kai da mutanen unguwar a ƙarƙashin wani shiri mai suna Patnè en Aksyon. Mata 'yan unguwa masu jin Kiriyol suka riƙa kai wa mace ɗan tsinken gwaji har gida, ta ɗauki samfurin da kanta a ɗakinta, ba tare da ta kwanta a gaban baƙon namiji ba. Matan da suka shekara suna guje wa asibiti suka yarda.

Ka ce mai ciwo shi ke neman magani. Gaskiya ne ga ciwon da ke da zafi. Hawan jini da suga da farkon sankara ba sa zafi. Ranar da suka yi zafi, ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace. Kuma abin da ke ciyar da su yana cikin tukunya, likita kuwa ba ya ganin tukunya. Ni nake ganin ta. Girkinsu ya yi kama da namu har abin ya kan taɓa ni: shinkafa da wake kamar garau-garau, dunƙulen Maggi a kowace miya, bandar kifi da kifin gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Ba na cewa uwar gida ta bar abincin iyayenta. Muna tsayawa tare a madafa, mu rage dunƙule daga uku zuwa ɗaya, mu ƙara tafarnuwa da albasa da lemun tsami, mu jiƙa kifin ya kwana a zubar da ruwan. Suna da wani ganye mai ɗaci da suke kira asosi, ɗan'uwan garahuninmu, suna dafa shi don suga da wankin jini. Ba na raina shi, don ranar da na raina shi ranar za a daina gaya mini gaskiya. Roƙona ɗaya ne: a gaya wa likita ana sha, domin haɗa shi da maganin suga na iya sa sugan ya faɗi ƙasa fiye da kima, kuma kada a ajiye ƙwayar asibiti saboda shi.

Zancen coci kuwa, Baba, da hijabina nake shiga, kuma zauren taro nake zama bayan sun idar da ibadarsu, ni da na'urar awon jini da tebur. A nan jama'ar suke. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi ko direban tasi ba shi da wata ranar da za ka same shi a zaune sai Lahadi. Haka muke bin gidajen rediyonsu, da shagunan aski da kitso, da taron adashinsu da suke kira sòl. Saƙon murya na minti biyu a WhatsApp ya fi takarda mai shafi goma isa wurin tsohuwar da ba ta karatu. Har yau ba wanda ya taɓa neman in bar addinina a can. Wata dattijuwa ma ita ke tuna mini lokacin Azahar, ta share mini wuri a kusurwa.

Saura ɓangaren tambayarka da ya fi taɓa ni, cewa na bar namu. Ban bar su ba, ƙofa ce ban samu ba. Duk abin da na lissafa yana cikin gidajenmu na Bronx: dattijon da ke gyaɗa kai a gaban likita, matar da ɗanta ke yi mata tafinta, direban da ya shekara bai auna jininsa ba, mai tsoron takarda, mai shan saiwa a ɓoye. Sau biyu na nemi a ba mu wuri bayan sallar Juma'a, aka ce sai an yi shawara da dattawa.

Kai kana cikin dattawan. Ina roƙon ka sa baki a ba mu awa ɗaya bayan Juma'ar farko ta kowane wata, tebur ɗaya a ɓangaren maza, ɗaya a ɓangaren mata. Zan zo da na'urori da ma'aikaciyar jinya, zan kuma nemo namiji mai jin Hausa da Zabarmanci don maza. Ba za mu tambayi kowa takarda ba. In ka amince, ina so hannunka ya zama na farko da za a auna, a gaban mutane, kamar yadda ka yi mini tambayar.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A gaishe mini da su Hajiya.

Wassalam,
'Yarka, ma'aikaciyar lafiyar unguwa a Buruklin.