Kafin ka tura, ka kira ni

Jos, daren Lahadi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya karatu, ya sanyin Ingila? Shirun nan ya yi tsawo har na fara jin nauyinsa. Tun bikin ƙanwarka rabon da mu yi hira ta kirki, sai dai hoton babban yatsa da kake manna min a ƙarƙashin saƙo. Wannan ba gaisuwa ba ce, kai ma ka sani. Na ga tambayarka kan filin nan na wajen Rikkos, zan zo kanta a wata wasiƙar, amma bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji tun ranar Laraba.

Ka tuna saƙon muryar da ka turo zauren WhatsApp na unguwa da hantsi, wanda wata mata ke haki tana cewa an fara a Farin Gada, kowa ya je ya kwaso yaransa? Na san ba kai ka ƙirƙira ba, na san kuma tsoro ne ya sa ka tura, tunda Hajiya na nan. Amma ina so ka ji abin da ya biyo baya, domin daga can ba ka gani. Kafin a kira azahar layinmu ya hargitse. Masu shaguna suna jan ƙofofi, ƙarar ƙarfe ko'ina. Matar maƙwabcinmu ta fita da hijabi a baibai, takalmi ƙafa ɗaya, ta nufi makarantar yara tana kiran sunayensu tun daga bakin titi. Mai shayin kusurwa ya kifar da tukunyar ruwan zafi garin sauri, ya ƙone a ƙafa, har yau yana ɗingishi. Masu keke suka ninka kuɗi nan take, wasu suka ƙi ɗaukar kowa. Hajiyarka kuwa na same ta zaune a tsakar gida da carbi, hannunta na rawa, tana tambaya ko ƙaninka ya dawo daga kasuwa.

Ka san me ya faru a Farin Gada? Direbobin keke biyu ne suka kaure da faɗa kan fasinja, mutane suka taru, wani ya ruga, na bayansa suka ruga. Shi ke nan. Masu tumatir da kabeji ba su ma tashi daga kan kwandunansu ba.

Yadda na tabbatar shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. Na kira mutuminmu na Tudun Wada, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a sakandare, mai cinye mana ƙosai. Ya ɗauka da muryar tsoro, ya ce shi ma yanzu yake shirin kirana, domin a zauren cocinsu wani saƙo na yawo cewa mu ne muka fito. Labari ɗaya, wuri ɗaya, sa'a ɗaya, an dai sauya wanda ake tsoro. Muka yi shiru a waya, sannan ya ce bari ya kira ɗan'uwansa mai sayar da dankali a can. Minti kaɗan ya dawo min da gaskiyar magana.

Abin da nake ta nanata wa mutanen zaure ke nan. Tun rikicin Satumbar 2001, sannan na 2008 da na 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya koma cikin nasa. Da can a kasuwar Terminus ake haɗuwa, mai shagon dama da na hagu ba addininsu ɗaya ba, in jita-jita ta taso sai ka leƙa ka tambayi maƙwabci. Kasuwar ta ƙone a 2002, har yau ba ta dawo yadda take ba. Yanzu zaurukan waya ma sun bi sahun unguwanni: namu mu kaɗai, nasu su kaɗai, babu wanda zai ce tsaya, ina wurin, ƙarya ne. Kuma mun ga inda abin ke kaiwa. A Yunin 2018, bayan kashe-kashen yankin Barikin Ladi, hotuna suka cika Facebook, aka tare hanya aka riƙa fito da matafiya daga mota. Da BBC ta bi diddigi daga baya, ta gano wasu hotunan ba a Filato aka ɗauke su ba, akwai bidiyon da ma daga Kongo yake, ya yi shekaru. Waɗanda aka kashe a hanyar ba su dawo ba don an gano hoton na ƙarya ne.

Af, kafin in manta, kulob ɗinka ya sake kunyata ka ranar Asabar. Gidan kallon ƙwallo na bayan masallaci kowa sai da ya tambaye ni kai. Na ce kana can kusa da filin, wataƙila za ka shiga ka taimaka musu da kanka. Ka dawo gida ka bi Plateau United, ko banza mun ɗaga kofin gasar ƙasa a 2017, kana nan aka yi, har ka rasa murya.

Baba yana gaishe ka. Rediyonsa na nan, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba, eriya ta karye an ɗora mata waya. Ƙarfe shida da rabi na safe yana kan tabarma da kofin koko yana jin BBC, takwas da rabi na dare ma haka, tsakani ya leƙa DW. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ya ce tun yana yaro a shagon mahaifinsa yake ji. Ranar Laraba da gidan ya rikice, shi ko gezau. Ya murɗa tashoshin gari ɗaya bayan ɗaya, ya ji ana ta shirye-shirye yadda aka saba, ya ce a bar yara su gama karatunsu. Ba wai rediyo ba ta kuskure ba ne. Amma mai magana a rediyo yana da suna, yana da ofis, in ya yi ƙarya akwai inda za a same shi gobe. Matar da ke haki a saƙon nan fa, wa ya san ta? Wa ya san ko a bana ta yi maganar, ko ma a garin nan?

Kada ka ɗauka na tsani zauren. Wallahi ina son sa. Da shi muka haɗa kuɗin gyaran taransifoma lokacin da muka yi wata da watanni a duhu, kuma kuɗin ku na waje ne suka cike giɓin, Allah ya saka. Da shi aka samu yaron nan da ya ɓata ranar Sallah, kafin magariba hotonsa ya kai Bukuru an dawo da shi. Sanarwar jana'iza, neman jini a asibiti, ɗaurin aure, duk ta nan. Shi ya sa nake kishinsa. Dattawa sun sa ni cikin masu kula da shi, kuma mun yanke shawara: duk labarin tashin hankali, sai mai turowa ya faɗi wanda ya gani da idonsa da lokacin da ya gani, in ba haka ba a goge. WhatsApp da kansa tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, yana kuma sa alamar kibiya biyu a kan wanda ya sha yawo. Ka riƙa duba alamar nan. Wasu sun yi fushi sun fita, har da kawunka, wai an hana shi faɗin albarkacin bakinsa. Zan je in same shi har gida, girmansa ne.

Ku na nesa ku kuka fi saurin turawa, na lura, kuma na gane dalili. Kuna kwana da garin a rai, ba ku da tagar da za ku leƙa. To ga ni. Ko ƙarfe nawa ne ka kira, zan hau keke in je in gano maka. Na fi son ka tashe ni daga barci da in sake ganin hannun Hajiya na rawa haka.

Sauran labari: kuɗin data ya tashi tun farkon 2025, amma yaran gidanmu ba su rage TikTok ba, autarmu har ta iya kwaikwayon tafiyar Liman, ranar da ya gani za a yi ta. Ango na layin baya ya ƙara ta biyu, uwargida ta tafi Bauchi ta dawo da kanta. Dankali ya fara shigowa daga Bokkos da Mangu, ya ɗan sauko, na kai wa Hajiya rabin buhu. Sanyi kuma ya fara kankama, da asuba ruwan alwala sai an ɗumama, don haka daina yi mana burga da dusar ƙanƙararku.

In mai zuwa ya samu, ka aiko wa Baba ƙaramar rediyo mai gajeren zango, irin mai caji. Ba zai roƙa da bakinsa ba. Ka gaida madam da yara, ka ce wa babban ya riƙa yi min Hausa a waya ko da gurguwa ce.

Naka har kullum,
amininka na Jos