Wasiƙa Zuwa ga Aminina Game da Ɗan Leƙen Asirin da Ya Saka a Ayari

Kano.

Zuwa ga aminina, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan jama'armu da ke Tamale, ina sanar da kai cewa babi uku na farkon labarinka sun iso gare ni, kuma na karanta su a tsanake. Tun da ka ce in faɗa maka ra'ayina ba tare da kara ba, to ga shi.

Duniyar da ka ƙaga ta burge ni, musamman ƙasar nan mai wata biyu a sama da dajin da itatuwansa ke sauya wuri da dare. Inda nake da magana shi ne kan jarumin naka, ɗan leƙen asirin da sarauniya ta aika ya tsare ayarin fatake ba tare da sanin kowa ba. Ka naɗa masa baƙin rawani, ka rataya masa takobi, ka sa ya riƙa zama shi kaɗai nesa da wuta, sannan tun a babi na biyu ya tarwatsa mahara shi kaɗai a idon jama'a. Daga wannan ranar babu sauran asiri. Mutumin da aka aika a ɓoye, ranar da maroƙa suka fara yi masa kirari aikinsa ya ƙare, ko da kuwa ya ci yaƙin. A ganina tushen matsalar shi ne ayarin kansa bai tsaya da ƙafarsa ba. Ka rubuta “fatake da dabbobinsu” ka wuce, saboda haka jarumin bai sami wurin ɓuya ba, dole ya fito fili.

Ba sai ka yi nisa wajen neman abin gina ayarin ba, domin kana zaune a bakin hanyar da kakanninmu suka bi zuwa Gwanja. Ayarin goro gari guda ne mai tafiya. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu, yana dawowa daga Gwanja, ya ce mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka. Taro irin wannan ba ya tafiya sai da tsari. Akwai madugu uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki, wanda ke tattara abin da kowane falke zai bayar don biyan sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, ga kuma malamin ayari mai riƙe lissafi da rubuta wasiƙu da yi wa tafiya addu'a. A ƙarƙashin waɗannan akwai masu dukiya, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da barorinsu, da 'yan alaro, da masu kora jakuna da takarkarai, da mata masu dafa abinci. Suna fita da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su bi ta Dagomba har Salaga, kuma zuwa da dawowa yakan cinye watanni masu yawa. Ka canja sunayen yadda kake so, ka mai da jakunan wasu halittu masu ƙaho idan ka ga dama, amma ka bar wannan tsarin, domin kowane muƙami a cikinsa ƙofa ce ta shiga ga ɗan leƙen asiri, kuma ƙofa ce ta shiga ga maci amana.

Da ni ne kai, da na ƙwace takobin na mai da shi yaron da ke kula da goro. Goro kaya ne mai rai, ba a ɗaure shi a manta. Sai an riƙa kwance huhu lokaci zuwa lokaci, a sauya ganyen fita, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Wanda ya iya wannan aiki kowane falke yana nemansa, saboda haka zai shiga masaukin kowa, ya taɓa kayan kowa, kuma ba wanda zai rage murya don ya ga bara a durƙushe yana tsintar goro. Ka duba yadda abin zai kasance. An sauka a zango, an yi sallar lisha, an ɗaure dabbobi a tsakiya, shi kuma yana gaban huhun wani attajiri da 'yar fitilarsa, yana juya goro ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Sai ya lura cewa ganyen da ke can ƙasan huhun ɗanye ne shar, alhali irin wannan ganyen ba ya fitowa a ƙasar da suka kwana biyar suna ratsawa. Ke nan wani mai hulɗa da mutanen wajen ayari ya taɓa wannan huhun a daren jiya. Bai ɗaga kai ba, bai fasa tsinta ba, ya mayar da ɗaurin yadda ya same shi, ya karɓi ladansa ya yi godiya. Wannan ɗanyen ganyen zai hana mai karatu barci fiye da kawunan mahara ashirin, domin yanzu ya san maƙiyi yana cikin masu cin tuwo tare da jarumin.

Wannan ya kawo ni ga maganar mahara. 'Yan fashi ba sa afka wa taron mutum dubu da ka. Sai sun san ranar tashi, da mashigin da za a bi, da inda dukiya mai tsada take a jerin tafiya, da wanda ke makara a baya saboda jakinsa na ɗingishi. Wannan labarin kuwa a zango ake sayar da shi, wajen mai masauki, ko dillali, ko mai sayar da ciyawa, ko wani falke da bashi ya yi wa katutu. Saboda haka filin dagar jarumin naka zango ne, makaminsa kuma kunne. Idan har aka kai ga zare takobi, to ya riga ya gaza a rabin aikinsa, kuma ya kamata shi kansa ya ji hakan a ransa.

Game da yadda ɓoye kai ke cin mutum, akwai misali na gaske da zai amfane ka. Wani Bafaranshe mai suna René Caillié ya shiga ayarin fataken Mande a shekarar 1827, ya ce shi Balaraben Masar ne mai suna Abdullahi, wai Faransawa suka ɗauke shi tun yana yaro, yanzu yana neman hanyar gida. Da wannan ƙaryar ya isa Tambutu a watan Afrilu na 1828, ya ƙetare Sahara zuwa Maroko. Abin lura shi ne bai tsira da ƙarfi ba. Ya tsira da talauci da haƙuri, ya yi jinya ta watanni a wani ƙauye, yana rubuta abin da ya gani a ɓoye, kullum cikin fargabar kada wani ya lura da yadda yake alwala ko yadda harshensa ke karyewa. Kafin shi, Baturen Birtaniya Gordon Laing, wanda bai ɓoye ko shi wane ne ba, ya isa Tambutu a 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan fitowarsa. Ba ina yabon manufar waɗannan mutane ba ne, mun san abin da ya biyo bayan tafiye-tafiyensu. Abin da nake so ka ɗauka shi ne nauyin ƙaryar da ake ɗauka dare da rana a tsakiyar mutanen da ke raba ruwansu da kai. Jarumin naka bai taɓa jin wannan nauyin ba ko sau ɗaya a babi ukun nan.

Sai madugu, wanda ka mayar tsoho mai yawan tsoro don hasken jarumin ya fito. Wannan kam ban yarda da shi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana kai dukiyar jama'a yana dawowa da ita, wanda ya san halin kowane sarki da kowane mai fito a hanya, shi ne babban masanin asiri a ayarin, kuma ba zai kwana uku bai gane cewa wannan yaron goron tafin hannunsa ba na bara ba ne. Daɗin labarin shi ne ya gane ya yi shiru. Ya riƙa aikensa wuraren da yake so a duba masa ba tare da ya ce komai ba, shi kuma jarumin ya riƙa kokwanto ko an gano shi ko ba a gano ba. Sannan ka tuna buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Madugu yana so kowa da komai su isa lafiya, sarauniya kuwa wataƙila abu ɗaya tak ta damu da shi a cikin kayan, ko mutum ɗaya. Ranar da tsare wannan abu ɗaya zai sa a sadaukar da 'yan bayan ayari, a nan za mu san ko wane ne jarumin naka.

Yanzu bari in zo kan sihiri, tun da duniyar almara ce. Layar zanan da ka ba shi tana aiki duk lokacin da ya so, ba sharaɗi ba hasara, kuma wannan ya kashe tsoro gaba ɗaya. A al'adarmu ma ba a san asiri marar sharaɗi ba. Ko baduhu ne, ko sagau, ko kau-da-bara, ko maganin ƙarfe na 'yan tauri, kullum akan ce akwai abin da mai shi ba ya ci ko ba ya yi, in ya karya kuwa abin ya warware. Ka sa wa layar farashi. Misali, duk sa'ad da ya ɓace, mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka san shi na gaskiya ya manta da shi har abada, kuma ba shi ke zaɓar ko wane ne ba. Mai irin wannan aiki masu saninsa ba su da yawa, ka ga sai ya yi ta lissafi kafin ya taɓa layar, har ya zo ga fargabar ko sarauniyar da ta aike shi tana tune da shi.

Shawarar da na fi so ka duba ita ce ta mashigin kogi. Fatake na da sun fi yawan tsira da biya a kan faɗa. Ana ba sarki gaisuwa, a biya kuɗin fito, a yi ciniki a rage, a wuce, domin asarar 'yan ƙwaryar goro ta fi sauƙi a kan asarar rai. To a duniyarka ka sa masu fiton su zama aljanu mazauna wata tsohuwar tsamiya a bakin ruwa, waɗanda ba sa karɓar wuri ko zinariya. Abin da suke karɓa shi ne asiri. Kowane matafiyi sai ya faɗi gaskiya ɗaya da bai taɓa faɗa wa kowa ba, da murya, a gaban uban dawaki mai ƙirga waɗanda suka biya, kuma idan ya yi ƙarya kwalekwalen ba zai motsa ba. Attajiri zai faɗi algus ɗin da ya taɓa yi a mudu, mai tuwo ta faɗi wanda take so, a yi dariya a wuce. Amma layi yana matsowa, jarumin yana ciki, maci amanar ma yana ciki, kowannensu yana laluben gaskiyar da za ta ishi aljanu ba tare da ta tona shi ba, kuma kowannensu ya kasa kunne ya ji abin da ɗayan zai ce. Idan ka rubuta wannan babin da kyau, ba ka buƙatar wani yaƙi a tsakiyar littafin.

Abu ɗaya kuma, kada ka wanke duniyar taka ta yi tsabta fiye da kima. Salaga kasuwar goro ce, amma kuma babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa daga masu ɗaukar kaya a ayari ba da son ransu suke tafiyar ba. Jarumin da ya ɓuya a cikin barori zai kwana tare da irin waɗannan mutane, zai ji abin da suke faɗa idan iyayen gidansu sun yi barci, kuma zai gane cewa ba kowa ne a ayarin ke addu'ar a isa lafiya ba. Wataƙila ma wanda ya saka ɗanyen ganyen nan yana da dalilin da ya fi na sarauniya ƙarfi. Tun da garin Salaga bai yi maka nisa ba, ka daure ka je ka ga tsofaffin rijiyoyinsa, ka zauna da dattawan zango. Kasuwar ta fara ja da baya bayan Turawan Ingila sun ci Asante a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa fatake zuwa wasu garuruwa irin su Kete-Krachi, amma zuriyarsu na nan, kuma za ka ji yadda suke ba da labarin hanya da bakinsu.

Kada ka yaga babi na ɗaya, yana da kyau yadda yake, sai dai ka cire rawanin da takobin. Babi na biyu ne ke son sabon gini tun daga tushe. Idan ka gama shi ka aiko mini tare da na mashigin kogin, ina so in ga gaskiyar da za ka sa a bakin madugu a gaban aljanun.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, da Malam babba idan kun haɗu. Allah ya ƙara basira, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
naka amini.