Godiya ga Alhaji mai shagon kekuna na unguwarmu a Bronx

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Na san ba ka son yabo a bainar jama'a, amma ka yi mini haƙuri, wannan karon sai 'yan'uwa na nan New York da na gida sun ji.

Ga wanda bai san zancen ba, ina aikin sa-kai ne da Team In Training, shirin da ke tara kuɗi don binciken kansar jini da tallafa wa masu fama da ita. Bruce Cleland ne ya assasa shi a 1988, lokacin da ya tara 'yan tsere suka shiga gudun famfalaƙi na New York saboda 'yarsa da ta kamu da cutar. Daga baya aka ƙara da gasar tirayatulon: iyo na kilomita 1.5, a fito a hau keke a yi kilomita 40, a sauka a yi gudun kilomita 10, duk a jere ba hutu. Tsara atisaye na koci ne. Nawa shi ne kula da sababbin shiga a ɓangaren keke, in zauna a bayan ayari tare da wanda aka bari, in kira wanda ya daina zuwa in ji ko lafiya.

Yawancin masu janyewa ba ƙarfi suka rasa ba. Tsoron titi ke korar su, da kuma kuɗin keke, don a garin nan mutum zai shiga shago da tsohon kekensa a yi masa kallon bai san abin da yake yi ba, a nuna masa na dala dubbai. A nan ne ka taimake mu, Alhaji.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da rabonta da keke tun tana yarinya. Ta kawo wani da ya daɗe a ajiye, kaca ta yi tsatsa, birkin baya ba ya kamawa. Da ka so sayar mata da sabo, da ta saya, don ta riga ta tsorata. Sai ka ce ƙarfen lafiyarsa lau. Ka canza kaca da robar birki da tayoyi, ka sa ta hau, ta ɗora diddige a kan feda, kana ɗaga sirdi kaɗan-kaɗan har ƙafar ta miƙe. Ciwon gwiwar da take kuka da shi bai sake dawowa ba, kuma da wannan keken ta gama gasar.

Abin da ya fi burge ni shi ne daren faci. Bayan ka rufe shago ka ce kowa ya cire tayar bayansa da hannunsa, ya fitar da tib, ya shafa cikin taya da yatsa ya nemo abin da ya huda ta, ya mayar, ya buga iska. Yaranka suna tsaye suna kallo, ka hana su taɓawa. Wasu sun yi gunaguni, hannu duk baƙin mai. To amma duk wanda ya taɓa haye gadar George Washington a kan keke ya kama hanyar 9W zuwa garin Nyack ya san babu mai zuwa ya yi maka faci a can. Kai da kanka ka rage wa shagonka ciniki da wannan darasi, kuma ka sani.

Haka batun takalmin da ke maƙalewa a feda, wanda ke kayar da sabon shiga a gaban danja jama'a na kallo. Ka riƙe musu keke a bakin ƙofa suna murɗa diddige waje don cire ƙafa daga feda har ya zama jiki. Kai ne kuma ka yi ta nanata musu su sauke giya tun kafin su isa hawan Harlem a Central Park, kada su bari sai ƙafa ta yi nauyi.

Ana gobe gasa ka duba kowane keke, ka tuna musu cewa doka ce a ɗaure hular kwano kafin a taɓa keke a wurin sauyi, inda ake ɗaukar keke bayan an fito daga iyo. Da muka kawo kuɗin aiki ka karɓi na kaya kawai, ka ce ladan hannu a zuba a asusun marasa lafiya. An zuba, Alhaji.

'Yan'uwa mazauna Bronx, mai keken da ke buƙatar gyara ya san inda zai kai. Kai kuma Alhaji, za mu sake kawo maka wasu sababbin idan an fara atisaye na gaba, don haka a tanadi tib da yawa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Ɗanka, mai kula da sababbin mahaya.