A riƙa faɗa wa mutanen karkara yadda masu ɗaukar makami da sunan addini ke shiga gari

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda ake kawo labarin ƙungiyoyin da ke ɗaukar makami da sunan Musulunci. Ni malamin Islamiyya ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel, kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, kuma na lura yawancin rahotanni suna tsayawa ne a kan adadin waɗanda aka kashe da abin da kakakin soja ya faɗa, alhali abin da mutumin karkara ya fi buƙatar sani shi ne yadda irin waɗannan mutane suke samun gindin zama a gari tun kafin a ji ƙarar bindiga.

A watan Nuwamba na 2024 ne rundunar soja ta sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, amma mutanen Tangaza da Gudu sun san su shekaru kafin wannan sanarwa. Sun fara zuwa ne a matsayin masu kare jama'a daga ɓarayin shanu, a lokacin da talakawa suka yi ta kuka ba mai share musu hawaye, shi ya sa wasu suka yi maraba da su. Da zama ya yi zama sai suka fara wa'azi da bindiga a kafaɗa, suna raba gardama, suna yi wa matasa bulala saboda kiɗa ko aski, suna kora shanun mutane su ce zakka suka karɓa. Kafin kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025, sun riga sun zama hukuma a wasu ƙauyuka.

Wannan hanya tsohuwa ce, kuma malamanmu sun santa. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, wata jama'a da aka sani da Khawarijawa ta fice daga rundunar Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, tana cewa babu hukunci sai na Allah, shi kuwa ya amsa da cewa magana ce ta gaskiya amma ƙarya ake nufi da ita. Mutane ne masu yawan salla da azumi da karatun Alƙur'ani, sai dai sun kafirta duk wanda ya saɓa musu, suka halatta jininsa da dukiyarsa. Abin da nake so masu karatu su kula da shi shi ne, kafin a gwabza da su a Nahrawan, Abdullahi ɗan Abbas ya je har Harura, inda suka yi sansani, ya zauna da su, ya bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya ya warware, dubbai daga cikinsu suka dawo. Ragowar da suka ƙi ji, a cikinsu aka sami Ibn Muljam, wanda ya sari Sayyidina Aliyu a Kufa lokacin sallar Asuba, cikin Ramadan na shekara ta 40.

Masu ɗaukar makami na wannan zamani suna son jingina kansu ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma abin yana yi mini zafi ƙwarai, musamman ganin cewa Gudu ɗin da Lakurawa suka addaba nan ne yankin da Shehu ya yi hijira a 1804. Shehu ya yi kimanin shekara talatin yana karantarwa da wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin yaƙi ya same shi, kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddi ga ɗaliban da suke kafirta talakawa don kawai ba su iya zayyana hujjojin tauhidi irin na malamai ba. Ya soki sarakunan zamaninsa a kan harajin zalunci da ƙwace dukiyar talaka. Hatta lokacin da Shehun Barno Muhammadu Al-Kanemi ya ƙalubalanci masu jihadi cewa saɓo ba kafirci ba ne, Muhammadu Bello da alƙalami ya amsa masa, ya kuma adana wasiƙun Al-Kanemi a cikin littafinsa Infaƙul Maisur. To, mutumin da zai kora garken bazawara ya kira shi zakka, ta ina ya gaji waɗannan bayin Allah?

Mu mutanen tsohuwar Jihar Kano ba labari aka ba mu ba. Muhammadu Marwa Maitatsine ya tara yaran da suka baro ƙauyuka irin namu a unguwar 'Yan Awaki, kuma rikicin Disambar 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000 kafin rikicin ya sake tashi a Bulunkutu a 1982 da Jimeta a 1984. Marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kan da'awar Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, tun ana ganin abin gardamar malamai ce kawai. Daga baya mun ga harin 20 ga Janairun 2012 a Kano, da kisan Shaikh Albani Zariya a 2014, da harin babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwambar 2014, inda aka kashe masallata fiye da ɗari a kan sahu.

Abin da ya sa nake wannan magana yanzu shi ne halin da iyaka take ciki. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka bazu a Sahel, arewacin Mali ya faɗa hannun mayaƙa a 2012, kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 dangantakar tsaro tsakaninmu da maƙwabtan namu ta yi sanyi, har Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa mu da mutanen Damagaram uwa ɗaya uba ɗaya muke, ana auratayya, ana cin kasuwa tare, kuma hanyoyin babur da ke ratsa gonaki ba su ƙirguwa. Ba na goyon bayan rufe iyaka, domin mun ga yadda ya karya talaka a 2023. Abin da ake buƙata shi ne hukumomin ƙasashen biyu su koma magana da juna, a kuma saurari dagatai da masu unguwanni, waɗanda su ne suke fara ganin baƙuwar fuska.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ga manomi a nan yankinmu wanda shanu suka cinye masa wake da gero dab da girbi, ya kai ƙara, ya yi ta zirga-zirga har ya sayar da akuyarsa saboda kuɗin mota, ƙarshe ya haƙura ya dawo gida. Na kuma ga makiyayin da aka nome masa burtali, ya rasa ta inda zai bi da dabbobinsa zuwa mashaya. Idan wani ya zo wa waɗannan mutane biyu da alƙawarin yanke hukunci a yini ɗaya ba tare da ko sisi ba, me zai hana su saurare shi? Haka nan da daddare a teburin mai shayi, za ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna sauraron wa'azin mutumin da ba su san malaminsa ba, ba su san inda ya yi karatu ba, kuma babu babba a kusa da zai ce musu wannan aya ba haka aka fassara ta ba.

Saboda haka nake roƙon jaridarka ta ware shafi a kowane mako, inda malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse, tare da malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya da Izala, za su riƙa bayanin wannan tarihi da Hausa mai sauƙi, su ɗauki hujjojin masu kafirta Musulmi su amsa su dalla-dalla. Ina kuma roƙon ku ba gidajen rediyo izinin karanta shafin, domin a ƙauyenmu masu rediyo sun fi masu karanta jarida yawa nesa ba kusa ba. Sannan idan za ku aiko wakili yankin iyaka, ya zauna da dagatai da ardo-ardo da limamai, ya tambaye su ƙararrakin gona da na burtali nawa ne suke kwance ba a yanke ba, ya buga amsar da suka ba shi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Islamiyya,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.