Wasiƙa daga Manila: takardun da 'yarmu za ta tanada

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da su Hajiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwa da ya sa mu gaba ba dare ba rana. Jiya da na dawo daga masallacin Kiyapo sai da na naɗe wando har gwiwa kafin na tsallaka titi.

Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin 'yarmu ta kusa kammala karatunta a birnin Sebu, nan ƙasar Filifin. Kai, shekaru na gudu! Yarinyar da muka je sunanta a Kaduna ita ce yau ake maganar neman aikinta. Ka ce tana so ta ɗan yi aiki a nan kafin ta yi tunanin komawa gida, kana tambayar me za ta tanada. Ka zo a kan gaɓa, don bara ni na yi ta yawon ofisoshi da ƙanin matata da ya gama jami'a, har yanzu ƙafafuna ba su manta ba.

Kafin komai, akwai tambayar da kai da uwarta kaɗai za ku amsa, tunda uwar 'yar Filifin ce. Da aka haife ta, kun kai rahoton haihuwarta ofishin jakadancin Filifin a Najeriya, wanda yanzu yake Abuja? Tsarin mulkin ƙasar nan na 1987 ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Filifin ne, shi ma ɗan ƙasa ne, ko a ina aka haife shi. To amma hukuma ba ta san da zaman mutum ba sai wannan rahoto ya bi hanya ya shiga kundin hukumar ƙididdiga, PSA, wadda ita ke ba da takardar haihuwar da kowane kamfani ke nema. In kun yi, shi ke nan, sai ta nemi kwafinta. In ba ku yi ba, ku fara yau, domin in ba haka ba a matsayin baƙuwa za a ɗauke ta, sai ta nemi izinin aiki na baƙi daga ma'aikatar ƙwadago da bizar aiki, kuma kamfanoni kaɗan ne za su ɗauki wannan wahala saboda sabuwar ɗaliba. Wani sauƙi da aka samu shi ne tun 2022 doka ta ce takardar haihuwa ba ta tsufa. A da wasu wuraren sai su ce a kawo sabuwa fil.

In takardar ta zo hannu, ta zauna ta karanta sunanta harafi bayan harafi, ta gwada da na takardun makaranta da na fasfo. Nan ne nake jin tsoro. Mu da muke rubuta Muhammad yau, gobe Mohammed, jibi Muhammadu, ba wanda ya damu, a nan harafi ɗaya na iya tsayar da komai. Ga shi kuma a nan suna na tsakiya ba ado ba ne, sunan gidan su uwa ne kafin ta yi aure, kuma kusan kowane fom yana da gurbinsa. Ƙanin matata da kansa ya yi kuskuren harafi a sunan nan lokacin da yake cike wani fom a waya, garin sauri, muka ɓata kusan mako biyu muna gyara. Idan kuskuren a takardar haihuwar yake, kuma ƙarami ne irin na rubutu, tun 2001 ana gyara shi a ofishin rajista na gari ba sai an je kotu ba, amma yana cin lokaci.

Daga nan sai barangai, wato ofishin unguwa, kamar dai ka ce gidan mai unguwa amma da sakatare da hatimi. Kada ta tsallake shi, don kuɗi ne a ciki. A watan Afrilu na 2019 Shugaba Duterte ya sa hannu a wata doka mai lamba 11261, wadda ta yafe wa mai neman aiki karo na farko kuɗin yawancin takardun gwamnati: ta haihuwa, ta 'yan sanda, ta hukumar bincike NBI, ta barangai ɗin kanta, da takardar lafiya daga asibitin gwamnati, ban da kuɗin gwaje-gwaje. Sharaɗin shi ne ta zauna a unguwar aƙalla wata shida, a ba ta shaida, kuma shaidar shekara ɗaya take yi, sau ɗaya ake cin moriyarta. Fasfo da lasisin tuƙi da jarrabawar ƙwararru ba sa ciki. Yara da yawa ba su san da dokar ba, sai sun gama biya wani ya ba su labari. A can ɗin za ta iya jin an ambaci sedula, takardar harajin gari. Ƙaramar takarda ce mai arha, amma tana da tarihi: ita ce Andres Bonifacio da mutanensa suka yayyaga a 1896 don nuna sun yi wa Sifaniyawa tawaye. Yau kuma jikokinsu na bin layi su saya.

Wadda ta fi ba mutane ciwon kai ita ce ta NBI, hukumar bincike ta ƙasa, takardar da ke nuna mutum ba shi da laifi a kansa. Ana yin rajista ta intanet, a zaɓi rana da reshe, a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Shekara ɗaya takardar take aiki. Idan sunanka ya yi daidai da na wani mai shari'a, sai a ce kana da "hit", ka dawo bayan kwanaki a tantance. Haka ta faru da ƙanin matata, ya fito fuska a murtuke kamar an kama shi da kayan sata. Ba laifinsa ba ne, ba kuma na ofishin ba. A 1849 gwamnan Sifaniya Narciso Claveria ya ba da umarnin raba wa jama'a sunayen gida daga wani kundi, ga kuma irin su Santos da Cruz da Reyes da suka cika ƙasa, sai ka tarar mutum nawa suna amsa suna ɗaya. A nan dai 'yarmu ta yi sa'a, da sunanka a ƙarshen nata da wuya ta yi karo da kowa a Sebu. Shawarata kada ta yi gaggawar karɓar wannan tun tana aji, kada takardar ta mutu a hannunta kafin aiki ya samu.

Sai lambobi huɗu da za su bi ta har tsufa: SSS na fansho, PhilHealth na inshorar lafiya, Pag-IBIG na asusun gidaje, da TIN na haraji. Kalmar pag-ibig a Tagalog, harshen mutanen nan, soyayya take nufi, ko da yake soyayyar feso 200 ake cira daga albashi kowane wata. Ukun farko za ta iya buɗewa da kanta. TIN kuwa galibi kamfanin da ya ɗauke ta ne ke nema mata, kuma ka ja mata kunne: lamba ɗaya ce har abada, mallakar biyu laifi ne. Ta kuma yi katin ɗan ƙasa na PhilSys tun da wuri, domin kowane ofishi sai ya ce ka nuna kati kafin ya ba ka kati.

Ka lura, duk waɗannan yawanci bayan an ce an ɗauke ka ake neman su, a ba ka 'yan kwanaki ka kawo, tare da gwajin asibiti: hoton ƙirji saboda tarin fuka, jini, fitsari, bayan gida, wani lokaci da gwajin ƙwaya. Shi ya sa mai wayo ke tara abin da zai taru tun kafin intabiyu. Abin da za ta shiga da shi ranar intabiyu kuwa kaɗan ne: CV shafi ɗaya ko biyu, kwafin sakamakon jami'a da shaidar digiri, da hotuna masu farin bango, inci 2 tsawo 2 faɗi. Ta nemi sakamakon nan da zarar ta gama, makarantu ba sa sauri. Akwai wani fom da ake sayarwa a shagunan littattafai, biodata, mai tambayar tsawo da nauyi da addini. Wannan na aikin shago ne da masana'anta. Mai digiri ta rubuta CV ɗinta da kanta, ba dole ta sa shekarunta ba, tunda dokar 2016 ta hana nuna bambanci saboda shekaru. In aikin gwamnati take so, wannan wata duniya ce: fom mai lamba 212, da jarrabawar ma'aikata da sai ka ci kashi 80 cikin 100.

A ƙofar wasu ofisoshi za ta ga 'yan cuwa-cuwa suna cewa a kawo su gama cikin awa ɗaya. Ta wuce abinta. Takardar bogi in ta tonu, ita za ta kwana a ciki, su sun daɗe da ɓacewa. Ta leƙa ofishin samar da aiki na gari, PESO, kyauta ne, da kasuwar ayyukan da ake ci ranar 1 ga Mayu. In ta samu, ta sani wata shida na farko gwaji ne, kuma kafin 24 ga Disamba akwai albashin wata na 13, doka ce tun 1975, ba alheri ba.

Ka ce mata ta sayi ambulan ɗin roba mai maɓalli, na takarda ba ya kai labari a wannan ruwa, ta kuma yi kwafi uku-uku na komai, asali kuwa kada ta bar wa kowa. Ka ɗauko min hoton rahoton haihuwar nan in kun gano shi, matata za ta duba. In wani zai taho, a taimaka mana da kuka da daddawa, tamu ta ƙare tun azumi.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Amininka na Manila